Tsibin duwatsun da ke kusurwar gonarmu

Gonarmu tana gindin dutse, tafiyar rabin sa'a daga Ibohaman. A zamanin ƙuruciyata cike take da kututturan sabara da kalgo. Kowace bazara mahaifina yakan yi sassabe, ya sare tohon da suka yi, amma bai taɓa tone ko ɗaya ba. Wani ma sai ya bar masa reshe biyu ko uku, ya wuce abinsa.

Ni ne ɗansa da ya yi boko. Na dawo daga makarantar aikin gona da takarda a hannu, kaina ya kumbura har hula ba ta zama. An koya mana cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas, don kututture yana karya garmar shanu, reshe yana kiran tsuntsaye, inuwa tana hana gero girma. Na haddace wannan, kuma na yarda da shi har cikin raina. Da na dubi gonarmu sai kunya ta kama ni. Ga ni ma'aikacin gona, ina yawo ƙauye-ƙauye ina wa mutane faɗa, gonar ubana kuwa ta fi ta kowa ƙazanta.

Na same shi da maganar a zaure, gaban abokansa, don ya ji nauyi. Wannan ma na san da gangan na yi.

Ya ce, "Ɗana, mi kututturan ga sunka yi maka?"

Na zuba masa karatu. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Sabara ba ta mutuwa da sara. Kwance take ƙasa, tana riƙe muna gona."

Na yi dariya, abokan nasa suka sunkuyar da kai. Ya ce tunda ni na yi lakwal, wato boko, in yi abin da na gani.

Kwana huɗu na yi da diga, ni da ƴan ƙwadago. Saiwar wasu ta fi cinyata kauri, sai mun yi rami har ƙugu muke cin ƙarfinta. Mahaifina yana zuwa kullum ya zauna a gefe, bai hana ba, bai taya ba. Rana ta biyu da safe na ga tsibin duwatsu a kusurwar gabas, wanda ban san da shi ba. A ƙasarmu dutse ba abin tambaya ba ne, kowa yana tsince shi ya tara. Na kewaye shi na ci gaba da aikina.

Damina biyu gero ya yi kyau, na yi ta cika baki. A ta uku iskar farkon damina ta zo ba abin da zai tare ta, ta binne shuka da rairayi. Sau uku tsohon nan yana sake shuka. Ruwan da ke gangarowa daga dutse kuma ya sami hanya, kowace shekara ya ɗebi ƙasa ya tafi da ita, har gonar ta koma fako, mai tauri kamar daɓen ɗaki. Mahaifina bai taɓa ce mini "ka gani" ba, har ya rasu. Da ya faɗa, da na sami abin yi wa gardama.

Sai da na yi furfura aka tura mu wani taro a Tawa. Wani dattijon masani, siriri, mai sanyin murya, ya tashi ya ce hamada ba ta da ƙafa, ba ita ke zuwa wurinmu ba. Ya ce dajin da muke kuka ya ƙare yana nan da rai ƙarƙashin gonaki, cikin saiwoyin kututture, kuma in manomi ya bar toho ya gyara shi, itace zai dawo ba tare da an dasa ko tsinke ba. Ya ƙara da cewa yawancin abin da muke kira ilimi game da ƙasarmu ba a ƙasarmu aka gwada shi ba, mun karɓe shi ne don mai faɗarsa yana da takalmi, mai musunsa kuma ba shi da shi.

Raina ya ɓaci. Na miƙe na ce yana zagin aikin da muka ba rayuwarmu. Ya dube ni ba fushi, ya ce, "Malam, da ka koyi cewa gona mai tsabta ita ce gonar kirki, wane manomi ka tambaya?"

Na buɗe baki, sai muryar mahaifina ta ranar nan a zaure ta dawo mini. Na zauna.

Maganar dattijon ta tabbata a idona. Bi hanyar Keita zuwa Buza yanzu ka gani. Gonakin mutanen da na kira ragwaye sun yi itatuwa, mata suna samun itacen girki a kusa, gero yana tsayuwa a bayan sabara. Tamu ce kaɗai tsirara a tsakiya, don ita ba abin da ya rage a ƙarƙashinta. Ni na tabbatar da haka, da diga.

Da na bar aiki na koma gonar. Na haƙa ramukan tara ruwa, na zuba taki, na dasa ƴan itatuwa, awaki da rana suka raba su. Bara na ce bari in jera duwatsu a gicciye don tare ruwa, sai na tuna tsibin nan na kusurwar gabas. Na fara ɗebe su ɗaya-ɗaya. Na ƙasan ba zube su aka yi ba, jera su aka yi a hankali, aka kewaye wani abu. Da na ɗaga na ƙarshe sai ga kututturen kalgo.

Na daɗe a tsugune. A raina na ga mahaifina ya riga mu zuwa gona, yana jidar dutse shi kaɗai da bayansa mai ciwo, yana waiwaye kada in iso. Kakanninmu haka suke ɓoye hatsi in an ce mahara na tafe. Shi ɗansa ya ɓoye wa.

Na kankare ɓawon da farce, na sake kankarewa har ƙasa, ina neman ɗanye ko kaɗan. Ya bushe tuntuni. Ya tsira daga digata, ya mutu yana jiran a buɗe shi, kuma mutum ɗaya ne ya san yana nan.

Na mayar da duwatsun yadda na same su. Makwabcina yana wucewa da jakinsa, ya kira ni yadda ake kiran ƴan boko a wurinmu, ya ce, "Mushe, mi kaka ɓoyewa nan?"

Na ce ba komai. Na jira sai da ya yi nisa, sannan na ɗora na ƙarshe.