Dogon Gilashin Sobhi

Sobhi ya fara ɗaukar hoto a bakin tekun Gardaka tun ana wanke hoto a ɗaki mai duhu. Da ƙafa yake bin iyalai a kan yashi, har gwiwa ta fara yi masa gardama, sai ya dawo jirgina na ruwa. Ni nake tuƙi, ina jan masu zamiya a kan katako da masu hawa ƙatuwar robar nan da ake hura wa iska. Shi kuma yana zaune a baya, ya ba ni ƙeya, yana fuskantar igiya. A sana'armu, wanda ya zauna nan shi ne idon direba. In wani ya faɗa ruwa, Sobhi ne zai bugi kafaɗata in juyo.

Mutumin kirki ne, sai dai taurin kai. Gilasan kyamararsa biyu: gajere mai kwaso komai, da wani dogo kamar taɓarya da yake kira Hajiya. Hajiya takan jawo fuska daga ƙarshen igiya har ka ga ɗigon ruwa a girar mutum. Ga mai zamiya shi kaɗai, ba ta da ta biyu. Amma roba mutum uku take ɗauka, Hajiya kuwa fuska ɗaya take gani.

"Sa gajeren mana in roba muke ja," nakan ce masa.

"Kai dai riƙe sitiyarinka, Fikri. Na taɓa koya maka tuƙi?"

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, wani dattijo manomi daga Asyut, Alhaji Abdul Maujud, ya zo da 'ya'yansa mata biyu, Najat da Sausan. Su suka matsa masa ya hau. Ya ɗaura rigar hana nutsewa a kan jallabiyarsa, ya zauna a gefen roba yana ta salati. Iska ta ɗan tashi ranar, teku na tudu da kwari.

Najat na da irin dariyar da mai hoto ba ya iya ƙyalewa. Sobhi ya manna ido a kyamara yana bin ta da Hajiya. "Ƙara wuta, Fikri!" Na ƙara. Ina jin ihun 'yan matan, amma wa ke hawa roba bai yi ihu ba? Sai da na sha kwana na waiga, na ga mutum biyu kacal a kan roba.

"Sobhi! Ina Alhaji?"

Ya ɗago kai. Ban taɓa ganin fuska ta canja haka ba. Na kashe inji don kada farfela ta sari dattijon in yana kusa. Shiru, sai kukan Sausan tana kiran "Baba! Baba!" Ko'ina ka duba ruwa ne, mutumin kuma bai iya iyo ba. Gaskiya na tsorata.

Sobhi ya jefar da kyamara a kan kujera, ya haye murfin inji da gwiwar nan tasa, ya kare ido da tafin hannu. Can ya nuna.

"Ga shi! Wallahi ga shi, yana motsi!"

Muka jawo Alhaji ta wuyan riga, yana tari yana aman ruwan gishiri. Abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Ina rawanina, 'yan banza?" Ni dai zama na yi ina dariya, hawaye na zuba. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Da ya farfaɗo, 'ya'yan na rungume da shi, sai ya ce, "To mai hoto, nuna mini faɗuwar tawa, in kai wa uwarsu ta yi dariya."

Sobhi ya ɗauko kyamara yana latsawa. Najat, Najat, Najat.

"Ni ina nake?" in ji Alhaji.

Sobhi, mutumin da bai taɓa buɗe kyamara a kan teku ba don tsoron gishiri, nan take ya kwance Hajiya, ya ɗaura gajeren.

"Alhaji, matso kusa da su," ya ce. "Ku duka nake so."