Ragon Auren Sani

Har yau ban manta da ranar da aka aike ni gidan Malam Buba da saƙon ya tashi daga gidan da yake haya ba. Lokacin ina jami'a, an tafi dogon yajin aiki, sai kawuna ya kai ni ofishin Alhaji Garba, dillalin gidaje a Azare, wai kada karatu ya cinye mini ido a ɗaki. Aikina rubuta yarjejeniya, raka masu neman haya su ga gida, da kai saƙo.

Ga wanda bai san sana'ar ba, dillali ne ke tsakanin mai gida da ɗan haya, kuma yana samun la'ada duk sanda aka sa sabon mutum. A lokacin ɗalibai da ma'aikatan asibiti sun cika gari, haya ta yi tsada. Gidan da iyali ɗaya ke ciki, idan aka yanka shi ɗaki-ɗaki, sai ya ninka abin da yake kawowa. Matsalar ita ce tsohon ɗan haya. A wajenmu ba a duban idon mutumin da kuke sahu ɗaya a masallaci a ce ya tashi don an sami wanda ya fi shi biya. Sai a ce yaro zai yi aure, ana son gidan. Kowa ya san nufin, ba a tambaya, a ba shi wa'adi ya nemi wani wuri.

Ni ban san haka ba. Da Alhaji Isa, mai gidan, ya ba ni saƙon a ofis, sai na ce, "Alhaji, wane yaron ne? Ko zai tambaye ni."

Ya dubi Alhaji Garba. "Wannan ɗan bokon naka lauya ka ɗauko mana?" Sannan ya kaɗa hannu. "Ka ce Sani."

Malam Buba tsohon malamin dabbobi ne, Bafulatani daga wajen Yana, ya daɗe a gidan. Matarsa ba ta da lafiya, kuma gidan na kusa da asibitin da yake kai ta. Idan ya tashi, abin da fanshonsa zai iya kamawa sai can bayan gari. Na tsuguna na gaishe shi, na faɗi saƙon yadda aka ba ni, kaina a ƙasa.

Ya ce, "Sani dai? Wanda nake goyawa a babur? Allah ya sanya alheri. Ka ce wa Alhaji na ji."

Mako bai zagayo ba sai ga Alhaji Isa a ofis, ko sallamar kirki bai yi ba. Ashe Malam Buba ya je ruga wajen danginsa ya jawo rago, ya kai ƙofar gidan Alhaji Isa bayan La'asar, majalisa a cike, ya ce ga gudummawarsa ta auren Sani. Ya kuma aika wa Hajiya, mahaifiyar Sani, ƙwaryar man shanu.

"Liman ya yi mini murna," in ji Alhaji Isa. "Hajiya ta daina yi mini magana, wai za a aurar da ɗanta sai a bakin 'yan haya take ji. Shi kuma Sani ya bugo daga makaranta yana tambayar wace ce amaryar."

Alhaji Garba ya danne dariya. "To a mayar da ragon mana."

"In ce masa me? Ƙarya na yi?"

"To a karɓa."

"A karɓa ba aure? Da wane ido zan shiga kasuwa?"

A ƙarshe aka zauna a zauren mai unguwa. Alhaji Isa ya ce an ɗaga auren. Aka yi wa Malam Buba ɗan ƙarin kuɗin hayar da zai iya biya, aka sabunta yarjejeniya, ni na rubuta. Rago kuma aka ce ya koma wajen Malam Buba ya ci gaba da kiwonsa har ranar ta zo.

"Ai ba gaggawa, Alhaji," in ji Malam Buba. "Yaro ne, a bari ya gama karatu."

Da zai sa hannu ya karɓi biro a wajena, ya ce a hankali, "Malam ƙarami, ka ci gaba da tambaya." Ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarsa ko tun farko ya gane ba. Alhaji Garba ya rasa la'adarsa, kuma daga ranar ya hana ni buɗe baki a gaban masu gidaje.

Nakan ji ana muhawara a rediyo kan dokar da za ta taka wa kuɗin haya birki. Ni dai abin da na ga ya taka masa birki a wannan aiki kunya ce, kuma kunya sai ana ganin juna. Yanzu masu gidaje da yawa suna nesa, ta waya suke turo saƙon tashi, ba ƙofar da za a je a ɗaure musu rago.