Karan Kaka Delu

Bara aka danƙa mini Mai Gadin Kuka, labarin zanen nan na aljani da muke wawaso tun muna yara a makarantar lakol. Malam Isufu da ya ƙago shi ya tsufa, ido ya ƙi. Masu karatu suka yi mini ca, wai ɗan ƙauye zai ɓata musu aljani. Mai buga littafin kuma ya ce in ba aljanin bindiga, don in fitowata ta farko ba ta karɓu ba, labarin ya mutu ke nan. Da na zauna gaban takarda, Kaka Delu ce ta faɗo mini a rai.

A ƙauyenmu Gangara, in an gama girbin hatsi, takan hura wutar kara a tsakar gida bayan Isha, mu kewaye ta. Tatsuniyarta ɗaya ce, ba ta ƙarewa: aljanin tsohuwar rijiya, mai maido awakin da suka ɓace in an ajiye masa fura. Ita ma gadonta ta yi wurin kakarta. In ta gaji, sai ta miƙa wa ɗayanmu karan da take tona wuta da shi, ya ci gaba.

Ran da kara ya je hannun yayana Sani, nan take aljani ya zare takobi ya hau saran kuraye. Kaka ta fizge abinta.

"Kai, tafi can! Wannan ɗan daba daga ina? Nawa bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba."

Da aka zo kaina, na fito da aljanin daga rijiya, na kai shi kasuwar Gazawa yana cigiyar matar da ta manta ƙwaryar furarta, kunya duk ta ishe shi. Kaka ta yi dariya har da hawaye.

"Oh ni Delu! Ban taɓa kai shi can ba, amma wallahi shi ne."

Saboda haka na hana Mai Gadin Kuka bindiga. Na sa shi ya bi sawun ɗan maƙwabta da ya ɓace har tashar mota, a tsorace, bai taɓa ganin kwalta ba.

Da littafin ya fito, 'yar Malam Isufu ta karanta masa. Sai ya kira ni a waya.

"Yaro," ya ce, "ya gajiyar tafiyarsa? Ka gaishe mini da shi."

Ranar na ji kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba. Na so a ce Kaka tana raye, in nuna mata karan yana hannuna har yanzu.