Yadda Tukur Ya Gaji Sunan Kalfefa

Ranar da maƙwabcina Tukur Kalfefa ya je Gusau nema wa ɗansa Lukuman aure, sarƙar babur ta cafke babbar rigar da ya aro, ta yage ta har cinya. Haka ya shiga zauren mutane dafe da riga kamar wanda zawo ya matsa. Ina cikin 'yan rakiya, kuma na yi dariya har da hawaye. Abin da ya biyo baya ne ya ƙona mini rai.

Tukur manomin dawa ne a Kekun Waje, katanga ɗaya ta raba mu. Tun muna yara nake ce masa Baturen gona, mutumin da ya fi gindin tukunya baƙi. Amma na san inda sunan ya fito. Kakansa Mannir shi ke ƙetarar da mutane gulbin Bunguɗu a kafaɗa. Wata damina wani Baturen auduga mai suna Kalfefa ya hau wuyansa, yana zungurinsa da takalmi kamar jaki. Da suka kai tsakiya Mannir ya sunkuya ya juye shi. Bature ya sha ruwa, Mannir ya sha bulala da zaman gidan yari, gari kuma ya raɗa masa Ka-da-Kalfefa. Baki ya gaji da tsawon sunan, ya bar Kalfefa.

To wannan sunan ne Alhaji Abdulaziz, baffan yarinyar kuma waliyyinta, ya yatsina wa fuska. Wai gidansu tun kakanni manyan ma'aikatan hukuma ne, ba su ba jikan boyin Nasara 'ya, sai in Tukur ya yar da sunan. Ji mini rainin wayo! Boyi? Bunguɗu ga ta nan kusa, bai tambayi ko mai shayi ba. Ga Lukuman a gida ya ƙi cin tuwo yana jiran labari.

An dai ɗaura auren bayan salla, da Kalfefa ɓaro-ɓaro a bakin sanƙira. Dattawan zauren ne suka tanƙwara Alhaji tun ran nan, bayan Tukur ya ba su labarin gulbi, ya juya ya dubi Alhajin ya ce:

"Alhaji, mu sunan Nasara kaɗai muka ɗauka, shi ma da bulala muka saye shi. Ku da kuka yi shekara da shekaru kuna cin albashinsa, wa ya ce ku yar da naku sunan?"