Obed Mai Allunan Majalisa

Shekara ashirin da uku na yi ina dafa shayi a Majalisa, nan Port Vila babban birnin ƙasarmu, kuma firaministocin da suka sha shayina suka faɗi na daina ƙirga su tuntuni. Kujeru hamsin da biyu ne a zauren. Wanda ya tara mutum ashirin da bakwai shi ke da gwamnati, ranar da biyu suka zame masa kuwa sai ya tattara takardunsa ya koma ɓangaren adawa yana cika yana batsewa. Mutum ɗaya na sani wanda duk wannan faɗi-tashi ke bi ta hannunsa, alhali ko kansila ba a taɓa zaɓensa ba. Sunansa Obed Tariliu.

Ɗan tsibirin Ambae ne. Yana da shekara sha tara ya biyo jirgin dakon busasshiyar kwakwa ya sauka a Vila, daga shi sai tabarma da buhun gwaza. Ya yi sharar coci, ya koyi kafinta, sannan wata shekara aka nemi mai gyaran tebura a Majalisa, ya shigo ya zauna ke nan. Gajere ne, ba ya sauri ko da ruwan sama na dukansa. A aljihun farar rigarsa, inda sauran ma'aikata ke soke biro, shi sukundireba yake sokewa mai jan mariƙi. Matarsa ta rasu da daɗewa, ta bar masa 'ya ɗaya tilo, Jenita.

Aikinsa ba wani abin a zo a gani ba ne. Kowane ɗan majalisa yana da allon katako mai ɗauke da sunansa, an ɗaure shi a teburinsa da ƙusoshi biyu na murɗawa. Obed ke goge allunan, shi ke ɗaura su, shi ke cire su. An ce can baya wani ɗan majalisa ya sauya sheƙa ana tsakiyar zama, ya tsallaka ɓangaren adawa ya tarar ba inda zai zauna, ya tsaya tsaye da jakarsa a hannu ana ta yi masa dariya, rediyo kuma na watsawa har ƙauyensu. Tun daga ranar duk mai niyyar tsallakawa sai ya biyo ta ƙofar bayan lambu da sassafe, ya ce wa Obed ya mayar masa da allonsa can. Obed ya mayar, ya kulle zauren, ya jefa makulli a aljihu, ba mai sake leƙawa sai an kaɗa ƙararrawa ƙarfe biyu. Ba doka ce ta ce a yi haka ba, sabo ne kawai.

Ka ga ke nan duk ranar ƙuri'ar yanke ƙauna, tun kafin firaminista ya karya kumallo Obed ya riga ya san ko zai kwana a kujerarsa. Kuma kowa ya san ya sani. 'Yan jarida su tare shi a bakin ƙofa, direbobin ministoci su yi ta miƙa masa taba alhali ba ya sha.

"Dattijo, yau ina iska ta dosa?"

"Iska? Ai bana doya ta sha wuya a Ambae. Ƙwari sun gama da ita."

"Haba tsoho, wa ya tambaye ka doya?"

"To ai ita na sani."

Wani shugaban jam'iyya ya taɓa aika masa alade har gida. Obed ya ɗaura wa aladen igiya ya ja shi a ƙafa tun daga unguwarsu har ofishin jam'iyyar, da rana tsaka, motoci na ta yi masa ham. Wurin shan kava ma, abin shan gargajiyarmu mai sa maye, ya daina zuwa tun shekarar da aka ba shi makullin, wai a can hira ke jan hira. Ni kaina na sha gwada shi da burodi mai zafi da man shanu, ban taɓa samun ko tari ba. Yakan ba ni haushi, amma ina alfahari da shi, har nakan nuna wa baƙi shi daga tagar kicin.

Jenita ta yi karatun aikin ofis, ta samu shiga wata ma'aikata a matsayin sakatariyar minista. Irin aikin nan ne da minista ke zuwa da mutanensa ya tafi da su, ranar da ya faɗi kowa ya faɗi, har mai shara. Ta nemi aikin gwamnati na dindindin shekara uku ba labari, sai ga takarda ta fito: an ba ta akawu a ofishin lardi a Sola, can ƙarshen arewa, inda jirgin ruwa ke leƙawa in ya ga dama. Dole ta sa hannu kafin sha biyun ranar wata Alhamis, in ba haka ba a ba wani. Alhamis ɗin kuma ita ce ranar da 'yan adawa suka sa za a kaɗa wa gwamnati ƙuri'ar yanke ƙauna.

Da safiyar nan Obed ya shigo kicin ya zauna, shayinsa ya huce bai taɓa ba. Ƙarfe tara sai ga Jenita da takardar a hannu.

"Baba, yau ce fa ta ƙarshe."

"Na sani. Me zuciyarki ta ce miki?"

"Ta ce Sola da nisa. Ga 'yata ta fara makaranta a nan, ga ka kai kaɗai. Kuma minista ya ce suna da ashirin da bakwai daram, ba abin da zai faru."

"Minista ya fi ni sani."

"Baba, kai fa ka shiga zauren yau."

"Na shiga. Na share, na fito."

Ta juyo ta dube ni, idonta ya ciko. "Anti, kin ji shi ko?"

Na ji shi sarai, kuma raina ya ɓaci. Na ja hannun rigarsa zuwa ɗakin ajiyar sukari na turo ƙofa.

"Yaya Obed, kai wane irin mutum ne? 'Yar cikinka ce fa ke tambaya, ba ɗan jarida ba."

"Ƙanwata, maganar ba tawa ba ce. Ajiya aka ba ni."

"Ajiyar su wa? Mutanen da ke sauya jam'iyya kamar riga? Wane ne a cikinsu ya san ranar da aka binne matarka? In gwamnatin nan ta faɗi yau yarinyar nan ta rasa nan ta rasa can, su za su ciyar maka da jika?"

"Shekara ashirin da shida ban taɓa ba."

"To yau ka taɓa! Sau ɗaya, don 'yarka. Wa zai ji?"

Ya daɗe yana kallon buhunan sukari. Sannan ya fita, ni ina biye da shi.

"Je ki sa hannu," ya ce mata.

"Don me, Baba?"

"Na ce ki je."

"Mutum nawa za su tsallaka?"

"Biyu."

"Su wa? Baba don Allah, in zan bar gari in tafi Sola ai gara in san ba a banza na tafi ba."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Honarabul Lemuel da abokinsa. Tsakanina da ke, Jenita." Ta ce ta ji, ta rungume shi ta fita. Ni kuwa na ɗora sabon ruwa ina jin daɗin kaina, wai na yi aikin lada.

Ofishin da za ta sa hannu yana gangare ne wajen bakin teku. Daga baya ita da bakinta ta gaya min cewa har ta tsayar da motar haya, sai ta tuna mutanen ofishinsu, su kusan talatin, direba da masu shara da masinja, har da wata mai cikin wata takwas. Ta sallami motar ta juya ma'aikata, ta shiga wurin minista ba ko ƙwanƙwasawa, ta faɗa masa abin da ta ji. Minista ya kira firaminista. Sha biyu da rabi rediyo ya ba da sanarwar an yi wa majalisar ministoci garambawul, an rantsar da Honarabul Lemuel minista, abokinsa kuma an ba shi shugabancin wata hukuma.

Ƙarfe ɗaya da rabi Lemuel ya iso a sabuwar mota mai lambar gwamnati. Bai bi ta lambu ba, ta babbar ƙofa ya shigo, ya tarar da Obed a baranda, mutane cike.

"Dattijo! Buɗe ka mayar min da allona inda ka ciro shi, nawa da na abokina." Ya dafa kafaɗarsa yana dariya. "Na gode fa. Shekara takwas ina neman kujerar nan ban samu ba, kai ka samo min ita cikin awa huɗu. Ashe bakinka na buɗewa!"

Obed ya zaro makulli daga aljihu. Ya buɗe zauren ya shiga, na hango shi ta ƙofa yana murɗa ƙusa. 'Yan adawa da suka ga lissafinsu ya rushe sai suka janye ƙudirin, gwamnati ta tsira.

Da yamma Jenita ta kawo masa laplap, gasasshen ƙullin rogo na gargajiya, da kaza, ta ce, "Baba, ka ceci mutum talatin yau, ka sani kuwa?" Ya tambaye ta ko ta sa hannu a takardar. Ta ce ina amfanin Sola kuma, tunda gwamnati ta zauna. Ban iya ganin laifinta ba har yau, yarinya ce mai tausayi, abin da ta ga ya dace ta yi. Laifin nawa ne, kuma na faɗa masa haka, ya ce in bar maganar.

Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya ko yi masa faɗa, don ba dokar da ya karya. Makullin na nan a aljihunsa. Abin da ya canza kawai shi ne 'yan jarida sun daina tare shi, direbobi kuma suka koma ce masa Gidan Rediyo, yana wucewa suna ƙunshe dariya.

Wata biyar bayan haka aka sake shigar da ƙudiri. Obed ya zo tun shida ya buɗe ƙofar lambu, ya ɗauko kujera ya zauna a ciki. Na kai masa shayi ƙarfe bakwai, na koma ɗaukar kofi ƙarfe takwas, yana nan zaune, ba wanda ya zo. Wajen tara Jenita ta kira wayarsa, ina tsaye a gefe.

"Baba, yaya ake ciki?"

"Ban sani ba, 'yata."

"Haba Baba. Har yanzu fushi kake da ni?"

"Ba fushi. Ba wanda ya zo wurina."

"To shi ke nan, riƙe abinka." Ta kashe.

Ƙarfe biyu aka kaɗa ƙararrawa. Ana gama addu'ar buɗe zama 'yan majalisa uku suka miƙe daga ɓangaren gwamnati, ɗayansu ya zaro sukundireba sabo fil daga aljihun kwat ɗinsa, ya cire allonsa, ya miƙa wa na biyu, na biyu ya miƙa wa na uku. Suka tsallaka da allunansu a hammata ana ta buga tebura. Obed na tsaye a bakin ƙofa da tsummansa, tare da kowa ya gani. Kafin ƙarfe huɗu an zaɓi sabon firaminista, washegari aka sallami duk mutanen ofishin Jenita.

Ta nemi aiki wata shida ba ta samu ba, ƙarshe ta bi masu zuwa tsinkar tuffa a New Zealand, ta bar yarinyar a wurin dangin ubanta, ba a wurin Obed ba. Ranar da za ta tashi na raka shi filin jirgi. Ta gaishe shi da ladabi, ta karɓi ƙunshin gyaɗar da ya kawo mata, sannan ta ja ni gefe.

"Anti, ya sani ranar nan. Ya sani sarai, ya ƙyale ni na faɗi don ya rama."

Na rantse mata da Allah cewa ni na kai masa shayi, ƙofar a buɗe, ba ko kare da ya shigo. Ta yi murmushi ta ce ai dole in kare shi. Aka kira jirginsu ta ɗauki jakarta ta shige, shi kuma yana can baya yana ɗaga mata hannu, bai ji abin da ta ce ba. A motar komawa gari ya tambaye ni me ta faɗa min, na ce cewa ta yi ya riƙa shan maganinsa a kan lokaci.