Kaset ɗin da ya tona mini asiri

Shekarun baya, jiharmu ta Kebbi tana sabuwa fil, sunana ya fito cikin malaman da za a tura wata ƙasa a gabashin Afirka su koyar na shekara biyu. Lissafi nake koyarwa a Yelwa. Ranar da na kai labari ƙauyenmu kusa da Wara, mahaifina kasa zama ya yi. Masunci ne, ɗan gungu, wato ɗan tsibirin kogi, cikin waɗanda ruwan dam ya cinye tsibirinsu suka dawo tudu. Tun ina ƙarami ya hana ni taɓa taru, don burinsa a duniya shi ne ɗansa ya yi nesa da ƙarnin kifi. Kafin la'asar duk bakin ruwa an ji cewa zan tafi birnin da ake ɗora bene bisa bene.

Da muka isa babban birnin ƙasar, aka kai mu ofishin rabon makarantu. Ni da wani abokina da muka taho tare muka rage, gurbi kuma biyu: sakandare a cikin birnin, ga gida ga lantarki, ko wata makaranta a tsibiri, tafiyar awa uku a jirgin ruwa. Jami'in ya ce ni na girme shi a aiki, ni zan fara zaɓa. Abokina mutumin tudu ne, ko gada za a haye sai ya rufe ido. Ya matse mini hannu, ya ce, "In kowa ya ƙi tsibirin nan sai su haƙura, mu zauna birni abinmu."

Wallahi birni na yi niyyar cewa. Sai idona ya kai kan wani dattijo a benci, mutane sun ɗan ja jiki sun bar masa fili. Tun daga nesa na san dalili, ƙaurin bandar kifi ne a rigarsa. Tafin hannunsa duk igiya ta tsattsaga, kamar na mahaifina. Na tambayi jami'in, ya ce wakilin iyayen yaran tsibirin ne, kwana uku ke nan yana zuwa roƙon malamin lissafi. Ban san lokacin da bakina ya ce tsibiri ba. Abokina ya dube ni kamar na taɓu.

Aikin bai ba ni wahala ba. Da na ga aji yana wofi duk ranar da kifi ya kama, ban ɗauki bulala ba, na san zancen tun daga gida. Na roƙi hedimasta muka jinkirta darasina zuwa lokacin da jirage ke dawowa, yara suka cika aji. Abin da ya hana ni sukuni shi ne mahaifina. Ta yaya zan gaya masa na haye teku, na wuce benaye, na je na zauna cikin ƙarnin da ya raba ni da shi?

A lokacin kaset muke aikawa gida, tunda tsofaffi ba su karatun wasiƙa. Sai in rufe ƙofa da taga, in danna rikoda, in yi ta zuba labarin birnin da na yi wa kallon mako guda. Motoci kaza, fitilu kaza. Har benen da ban taɓa hawa ba na ƙirga wa hawa. Kaset uku na yi haka lafiya lau. A na huɗu zafin ɗaki ya kore ni, na je na zauna cikin wani kwale-kwale da aka ɗaure a inuwa, na ci gaba da ƙaryata hankali kwance.

Bayan wata biyu amsa ta iso. Inna ta fara da gaisuwa da addu'a, sannan na ji gyaran muryar mahaifina.

"Malam, mun ji kaset. To birnin nan naku, ruwa ka bugun gindin bene? Ni dai na ji ruwa na marin katako. Kuma jirgin da kake zaune ciki shina yoyo, na ji ana kwarfa kusa da kai. Ka ce ma mai shi ya toshe."

Na ji dariyar mutane a bayansa, ashe a bakin ruwa ya ɗauki muryar, gaban kowa. Sannan ya ci gaba, muryar ta sauka.

"Na san ɗiyan masunta kake karantarwa. Mi ab abin ɓoyo? Malamin da ya koya maka baƙi, kullum sai ya ƙetaro gungunmu, wandonai jiƙe. Da ya ce shi sai birni, da yanzu kana nan kana jan taru tare da ni. Ka riƙe ɗiyan mutane da kyau. Amma in ka ƙara yi min ƙarya, kada ka yi ta kusa da ruwa."

Na mayar da kaset ɗin baya ya fi sau goma, ina dariya ina share hawaye.

Na gane daga baya cewa ba kifi mahaifina ya tsana ba, rashin zaɓi ya tsana. Ni kuwa na samu zaɓin, na kuma yi wanda har gobe nake alfahari da shi. Da na dawo gida, Inna ta ce mini kaset ukun birni ko sau biyu bai saurare su ba. Na huɗun ne yake kunna wa duk baƙon da ya zo, har zaren ya tsinke. In an kai wurin ƙarar ruwan sai ya ɗaga hannu a yi tsit, ya ce, "Kun ji? Can ɗana yake."