Randunan da Aka Cika Mana a Bayan Mirriya

Ana sallame sallar asuba muka bar Damagaram, ni da direba da wani ma'aikacin kula da muhalli da wata injiniyar ruwa. Ga waɗanda ba su san abin da ya fitar da ni ba: wani kamfani ne ke neman izinin gina gidan na'urori a wani fili bayan Mirriya, irin gidan da ake adana hotuna da saƙonnin da muke turawa ta waya. Na'urorin ba sa hutawa, suna cin wuta, suna ɗaukar zafi, kuma da ruwa ake sanyaya su. Hukuma ta ce babu izinin haƙa musu rijiyar burtsatse sai an ji daga bakin mutanen wurin ko ruwansu zai ɗauki wannan nauyi. Ƙauyen da ke kusa da filin garin mahaifiyata ne, shi ya sa aka ce in yi musu jagora. Ni kuma, don a san ɗan gida ne, tun kafin ranar na kira kawuna na ce manyan baƙi na tafe, a shirya.

Kafin mu fita gari mun wuce layin jarkoki a bakin famfo, masu su na zaune a kai suna gyangyaɗi. Direba ya ce shi famfon gidansa ya daɗe da zama wurin shanya tsumma. Kwaltar Mirriya ba laifi, sai ramukan da direba yake kauce musu kamar ya san sunan kowanne. A Mirriya muka karya da shayi da ƙosai. Kuɗin ƙosan bai canja ba, ƙosan ne ya rame. Injiniya ta tsaya wurin masu tukwane ta sayi ɗan tulu, aka tsawwala mata saboda farar motar da muka zo da ita.

Daga nan muka sauka hanyar rairayi. Bazara ce, gonaki fayau, sai gawo jefi-jefi. Mun yi kiciɓis da kekunan jakuna suna fitowa daga wajen ƙauyen, ɗauke da jarkoki wayam. Na ɗaga musu hannu ban kawo komai a raina ba. Ma'aikacin kuwa barci yake yi.

Tarbar da aka yi mana sai wanda ya gani. An yayyafa ruwa a ƙofar gidan maigari har ƙasa na ƙamshi. Randuna a jere cike fal, buta a gaban kowa, ga fura mai sanyi. Ma'aikacin ya sha ya ƙara, ya ce ashe su nan sun fi mu na birni jin daɗi. Aka yi dariya, har da ni, ina ta fankama.

A gindin tsamiya aka yi taro. Tsakani da Allah ma'aikacin bai ɓoye komai ba. Ya ce rijiyar kamfanin za ta yi zurfi, za ta ja ruwa dare da rana, kuma in ruwan gari bai wadata ba doka ta ba mutanen garin ikon cewa a dakata. Ya tambaya, ya sake tambaya. Maigari ya ce sun gode Allah, mutane na sha, dabbobi na sha. Dattawa suka gyaɗa kai. Injiniya ta nemi ganin rijiyar gari, aka kai ta fadama, ta zura ma'auninta ta sami ruwa gwargwado.

Bayan azahar na zame na je gaida ƙanwar mahaifiyata, wadda nake kira Inna. Da ɗan lambun albasa da salak take riƙe kanta tun rasuwar mijinta. Na tarar da salak ɗin ya kwanta, albasa ta yi rawaya. A nan na ji komai. Tun ranar da na kira kawu aka hana kowa zura guga a rijiyar, don ta huta ta tara abin nuna wa baƙi. A ranakun da ba baƙi, kafin hantsi guga ke fara ɗebo laka. Ruwan randunan nan kuwa sayo shi aka yi daga Mirriya, kowane gida ya ba da nasa. Jakunan da na ɗaga wa hannu su suka kawo shi.

Na sami kawu a zaure na ce, "Kawu, me ya hana ku faɗa musu yadda abin yake?"

Ya dube ni da mamaki. Ya ce, "Kai fa ka ce manyan baƙi ne. Baƙin ɗan 'yar'uwata za su zo, in tare su da kukan ƙishirwa? To ina za ka sa fuskarka a Damagaram?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba da shi nake fushi ba.

A mota na kwashe labarin na faɗa musu. Sai da muka hau kwalta ma'aikacin ya ce zai ambata, amma maganar ɗan rakiya a cikin mota ba ta kai nauyin maganar maigari a gaban jama'a ba. Injiniya ta ce za ta nemi a bar ta ta koma ba sanarwa. Ba ta yi alkawari ba, ni ma ban matsa mata ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, mutanenmu sun gwammace su kwana da ƙishirwa da baƙo ya ga gazawarsu. Wanda zai auna ruwansu, ya zo ba shiri, ya fara da bayan gida wurin mata kafin gindin tsamiya. Na san haka tun ina yaro, amma son a yabe ni ya mantar da ni.

Da magariba muka shigo gari, unguwarmu ba wuta, famfo ba ko ɗigo. Direba ya buɗe bayan mota don sauke mini jaka, sai ga jarka cike da ruwa, an toshe bakinta da leda. Ya ce wata tsohuwa ce ta sa, ta ce kada ɗanta ya ji ƙishirwa a hanya. Jarkar tana nan a lungun ɗakina, har yau na kasa buɗe ta.